Sabuwar Ƙwaƙwalwa A Tsohuwar Mota: Riba Ko Asara?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, duk wani mai tsohuwar mota a ƙasar nan ya shiga lissafi. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Wasu sun jingine motocinsu, wasu sun mai da su masu aiki da gas, wasu kuma sun fara jin labarin wata dabara da ta daɗe a Turai da Amurka, watau a cire kafireta, a sa wa tsohon inji kwamfuta wadda za ta riƙa auna masa mai da wuta.

Maganar ta shafi 'yan'uwanmu mazauna Kudu ƙwarai da gaske. Daga Agege da Idi Araba a Ikko, zuwa unguwannin Sabo na Badun da Shagamu, har Anaca da Fatakwal, akwai mutanenmu da yawa waɗanda tsohuwar mota ce jarinsu. Ita ke ɗauko kaya daga kasuwa, ita ce kuma ke kai iyali gida da salla. Irin wannan mutum in zai kashe kuɗi a kan inji, ya kamata ya san abin da zai saya. Gaskiyar magana ita ce dabarar tana aiki. Amma kwamfutar da ake sayowa daga kanti ba ta san motarka ba, ba ta kuma warkar da injin da ya gaji. Abin da mai saiti ya koya mata shi za ta yi ta yi, ko daidai ne ko kuskure.

Aikin da take yi

Injin fetur abu uku yake bukata: iska, da mai, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. Domin mai ya ƙone ƙurmus, sai an gauraya kilo ɗaya na fetur da iska mai nauyin kilo 14.7. In mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi, kuɗi su bi ta salansa. In ya yi kaɗan alhali mota tana jan kaya, sai inji ya ɗau zafi, har bawul ya ƙone ko fistin ya huje.

A tsohon tsari kafireta ce ke haɗa mai da iska, iskar da inji ke zuƙa ita ke jawo man ta 'yan ramukan jet. Distirbuta kuma ita ke raba wa filogai wuta, tana gaggauta ta da taimakon wasu 'yan ƙarafa masu nauyi da sifirin da ke cikinta. Dabara ce mai kyau, kowane bakanike ya san ta, sai dai saiti ɗaya gare ta. Yadda aka ɗaure ta a gareji haka za ta yi aiki, da sanyi da zafi, a tudu da kwari, kuma kullum ƙara cinyewa take yi.

Ita kuwa kwamfutar inji, wadda kanikawa ke kira birenbos ko ƙwaƙwalwar mota, tana da 'yan rahoto da ake ce wa sensa. Ɗaya yana gaya mata saurin juyin inji da inda fistin yake, ɗaya yawan iskar da ke cikin manifol, ɗaya yadda direba ya taka totur. Akwai na zafin ruwa, da na zafin iska, da wanda ke sansanar hayaƙi a cikin bututun salansa. Daga waɗannan rahotanni sai ta duba jadawalin da aka rubuta mata, ta buɗe injekta na ɗan lokacin da bai wuce kashi kaɗan cikin dubu na sakan ba, sa'an nan ta umarci kwayil ya saki wuta. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana bukatar tartsatsi 100 a kowane sakan, kuma kowanne sai ta yi masa lissafinsa.

Inda abin ya samo asali

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fara shigar da wannan fasaha cikin motocin talakawa, sa'ad da ya fito da tsarin D-Jetronic a 1967, aka sa shi a Volkswagen 1600. Dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970 ita ta ƙara wa abin sauri. Daga 1975 motocin can suka fara zuwa da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda 'yan kasuwar Ladipo ke kira indomi, ita kuwa ba ta aiki sosai sai an auna mai daidai wa daida. A 1976 Volvo ta fito da mota mai sensan hayaƙi, a 1979 kuma BMW ta sa tsarin Motronic, wanda ya haɗa mai da wuta a akwati ɗaya. Kafin tsakiyar shekarun 1990 kafireta ta ɓace daga sababbin motoci a Amurka da Yammacin Turai.

A nan gida labarin ya bi wata hanya dabam. Masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta Volkswagen ta Ikko duk sun fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga Kaduna, galibi da kafiretarta, har cikin shekarun 2000. Da motocin tokumbo masu injekta suka fara kwararowa, garejoji ba su da kayan binciken su, ga shi kuma fetur ɗin lokacin yana da dalma, wadda ke kashe sensan hayaƙi. Saboda haka da zarar Golf ko Mercedes 190 ta fara gardama, sai a tumɓuke injektocin a ɗaura mata kafireta. Yau ga shi ana maganar komawa inda aka baro.

Kwamfutar da kamfani ke sa wa mota a kulle take, an yi ta domin inji ɗaya tak. Wadda muke magana a kai ana sayen ta dabam, kuma kowa yana iya buɗe jadawalinta ya rubuta abin da ya ga dama. Haltech da MoTeC na ƙasar Ostareliya sun fara yin irinta a 1986 da 1987, musamman domin masu tseren motoci. A 2001 wasu Amurkawa biyu, Bruce Bowling da Al Grippo, suka fito da MegaSquirt, wadda mutum zai saya a warwatse ya harhaɗa da kansa. Daga baya Josh Stewart na Ostareliya ya ƙirƙiro Speeduino, ya kuma saki zanenta kyauta ga duk mai so. Waɗannan biyun su suka sauko da farashi har mai ƙaramin ƙarfi ya iya tunanin saye.

Motar da ta dace

Motoci iri uku ake yi wa wannan aiki. Na farko masu kafireta tun asali, kamar 504 da Beetle da tsofaffin Datsun da Toyota. Su ne aikinsu ya fi yawa, domin sai an nemo manifol mai gurbin injektoci, ko a sayi irin kan injektar nan da ke zama a mazaunin kafireta, kamar Holley Sniper, wadda kwamfutarta ke jikinta. Na biyu masu tsohuwar injekta wadda kayanta suka yi wuyar samu. Na uku, waɗanda su suka fi yawa a wurinmu, motocin da aka sauya wa inji na tokumbo amma aka baro ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa a jikin motar da aka ciro shi. Biyun ƙarshe sun fi sauƙi, domin injektoci da yawancin sensa suna nan a jikin inji.

Motar da ƙwaƙwalwarta ta asali take lafiya, ko ake samun irinta a Ladipo ko Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ba ta bukatar wannan ɗawainiya. Injiniyoyin kamfani sun shafe shekaru suna saita ta, da wuya bakanike ya kamo su cikin mako guda.

Kafin a sayi kome, a fara auna lafiyar inji. A gwada matsin kowace silinda, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A saita bawul, a toshe duk inda iska ke satar shiga manifol, a tabbata altaneta tana ba da bolt 13.5 zuwa 14.5. Injin da ke shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, gyaran ringi yake so tukuna.

Akwai kuma wata al'ada ta garejojinmu da dole a bari, watau cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi. Tamostat shi ke riƙe ruwan inji a kan digiri 80 zuwa 90. In babu shi, inji ba ya kai zafinsa da wuri, sensan ruwa zai yi ta gaya wa kwamfuta ana sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara mai kamar an bar cok a jawo. Sai a kashe kuɗi domin rage shan mai, a ƙare da ƙarinsa.

Hanyar mai, inda haɗarin yake

Famfon kafireta da kyar yake tura mai. Na injekta kuwa yana matsa shi har bar 3, watau wajen 43 a ma'aunin mai faci, wanda ya fi iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Tsohon tiyo da aka ɗaure da guntuwar waya ba zai ɗauki wannan ba. Ran da ya fashe, feshin fetur zai yi a kan salansa mai zafi. Wajibi ne a sa tiyo na injekta da maɗaurai na ƙwarai, da filtar ƙarfe, da na'urar daidaita matsi, da kuma hanyar da ragowar mai zai koma tanki.

Tankin da ya shekara talatin ba ya rasa tsatsa, ramin injekta kuwa bai kai na allura faɗi ba, saboda haka a sauke tanki a wanke. Sa'an nan a haɗa famfon ta rile, ta yadda kwamfuta ce za ta kunna shi, ta kuma kashe shi da zarar inji ya tsaya. Riwayan da ya jona famfo kai tsaye da makulli ya ɗana tarko, domin in aka yi haɗari tiyo ya tsinke, famfon zai ci gaba da kwarara mai. Girman injekta ma sai an duba. Inji mai lita biyu kamar na 504, wanda ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, injektoci huɗu masu zuba cc 180 zuwa 200 a minti sun ishe shi. Waɗanda suka fi haka girma da yawa suna hana shi yin silo mai kyau.

Wayoyi

Yawancin abin da ake ɗora wa kwamfuta laifinsa, in an bincika, laifin waya ne. Mafi muhimmancin rahoto shi ne na juyin inji. Ana ɗaura wani faifan ƙarfe mai haƙora a jikin fulin karanshaf, galibi mai gurbi 36 da aka cire haƙori ɗaya, irin na Ford, ko mai gurbi 60 da aka cire biyu, irin na Bosch. Sensa yana ƙirga haƙoran, giɓin kuma shi ke nuna masa inda zagaye ya fara. Tazarar da ke tsakanin sensa da haƙora wajen milimita ɗaya ce, kuma ƙarfen da ke riƙe shi sai ya yi kauri yadda ba zai yi rawa ba. In faifan ya karkace ko sensan yana girgiza, mota za ta riƙa yankewa a kan gudu, a yi ta neman dalili a rasa.

Wayar wannan sensa 'yar siririyar wuta take ɗauka, don haka ana amfani da mai rigar kariya, a kuma nisanta ta da wayoyin filogi da altaneta. A sa filogai masu rage tsangwamar wuta. Wayoyin at na kwamfuta a ɗaure su wuri ɗaya a jikin inji, a kankare fenti da tsatsa, na sensa kuma su koma ga ita kwamfutar. Kowane reshe da nasa fis. Murɗe waya biyu da hannu a naɗe da salatif yana iya wucewa a fitilar baya, amma a nan ba shi da wuri, sai a matse da maɗauri ko a yi masa dalma.

Akwatin kansa a cikin mota ake ɗaure shi, can sama ƙarƙashin dashbod, nesa da zafin inji. Mazauna Ikko da Fatakwal sun san yadda ruwan damina ke shiga mota har ya rufe ƙafa, saboda haka kada a ajiye shi a ƙasan kujera. A kuma gargaɗi masu wankin mota game da fesa wa inji ruwa. In za a yi walda a jikin mota, a cire batir da soket ɗin kwamfuta. Juya kan batir ko sau ɗaya yana iya ƙone ta.

Tayarwar farko

Ana jona kwamfutar da laftof, a buɗe manhajar saiti. Masu MegaSquirt da Speeduino da TunerStudio suke aiki, manyan kamfanoni kuma kowanne da tasa. Da farko a gaya mata girman inji, da yawan silinda, da girman injektoci, da irin faifan haƙora, da jerin yadda silindoji ke kama wuta. Na 504 shi ne 1-3-4-2, na Beetle kuwa 1-4-3-2. A nuna mata inda totur yake in an sake shi da inda yake in an take shi ƙasa. Da safe kafin a ta da inji, sensan ruwa da na iska ya kamata su nuna zafi kusan ɗaya. In sun saɓa da yawa, ɗayansu ƙarya yake yi.

Sai mataki wanda ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma masu gaggawa suka fi tsallakewa. Da inji ya tashi, a kulle tayimin a digiri 10 a cikin manhaja, a haska fulin da fitilar tayimin, a ga ko alamar tana kan 10 ɗin. In ta nuna 20, to duk lambar da ke cikin jadawalin wuta ta zarce da digiri 10, kuma kwamfuta ba ta da hanyar sanin haka. A gyara har su yi daidai, a ƙara wa inji wuta a sake dubawa, sa'an nan a ci gaba.

Saitin mai da wuta

Jadawalin mai kamar gidajen dara yake, sau da yawa 16 a tsaye 16 a kwance. Gefe ɗaya juyin inji ne, ɗaya gefen kuma nauyin aikin da yake yi, wanda sensan manifol ke nunawa: wajen 30 zuwa 40 in yana silo, wajen 100 in an take totur ƙasa a bakin teku. Kowane gida da lambarsa, kuma aikin mai saiti shi ne ya bi su ya gyara.

Ba a yin wannan da kunne ko da kallon launin filogi. Sai da sensan hayaƙi mai faɗin awo, irin Bosch LSU 4.9, wanda ke faɗin ainihin lambar gaurayen. Na motocin yau da kullum iyakarsa ya ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ana huda masa gurbi a bayan inda bututan hayaƙi suka haɗu, ta sama, don kada ruwa ya kwanta masa, kuma salansa mai yoyo a gabansa tana sa shi ƙarya. A silo da tafiyar yau da kullum ana neman wajen 14.7, a miƙaƙƙiyar hanya ba kaya ana iya kai wa 15 da ɗoriya. In an take totur ƙasa kuwa sai a sauko zuwa 12.5 ko 13, domin ƙarin man nan shi ke sanyaya fistin. Wanda ya yi rowar mai a wannan wuri, garin neman gira zai rasa ido.

Mutum biyu ke fita gwaji, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana riƙe da laftof. Ana farawa da silo bayan inji ya yi zafi, sai tafiya a hankali, sai hawa tudu, taka totur ƙasa shi ne na ƙarshe. Manhajar tana ajiye rahoton duk abin da ya faru, tana ma iya gyara jadawalin mai da kanta. Na wuta kam sai mutum.

A nan ne inji ke tsira ko ya halaka. Tsofaffin injuna galibi suna son wuta ta tashi digiri 10 zuwa 15 kafin fistin ya kai ƙololuwa in ana silo, da wajen 30 in ana gudu an take totur. In wuta ta makara, mota ba ƙarfi, ga zafi. In ta yi sammako fiye da kima, sai a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a kan tudu da kaya. Wannan ƙara fistin ne ke shan duka, in aka yi biris da ita kuwa ƙarshenta a sauke inji. Hanya mafi aminci ita ce a kwafi yadda tsohuwar distirbuta take bayarwa, a fara daga nan, a riƙa ƙara digiri ɗaya ɗaya. Inda ake da daino, watau injin gwajin da ake ɗora tayoyin mota a kan manyan rola, an fi gane inda ƙarin ya daina amfani, amma ba ko'ina ake samunsa ba a ƙasar nan. Ko da an same shi, a ja baya da digiri biyu ko uku, domin man da za a sha a hanya ba duka ɗaya ba ne. Masu motoci ba su manta da gurɓataccen fetur na watan Fabrairun 2022 ba, wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne tashin sanyi, domin sau ɗaya tak ake iya gwada shi a rana. Motar da aka saita a ɗumin Ikko ba ta taɓa ganin safiyar hunturu ta Kano ko ta Jos ba. Mai niyyar zuwa gida a watan Disamba ya tabbata an cike gidajen sanyi na jadawalin da lambobi masu ma'ana, ba a bar su yadda suka zo ba.

Daga bakin teku zuwa tudu

Wurin da kwamfuta ta fi kafireta a fili shi ne doguwar tafiya. Ikko a bakin teku take, Jos kuwa tana da tsayin wajen mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu da kimanin kashi 12 cikin 100. Kafiretar da aka saita a Agege, in ta hau Jos sai mai ya yi mata yawa. Haka kuma iskar Kano ta watan Afrilu, mai zafin digiri 40, ta fi ta safiyar hunturu sirantaka. Kwamfuta tana ganin duk wannan, tana rage mai ko ta ƙara nan take. Ba za ta dawo da ƙarfin da ƙarancin iska ya rage ba, amma za ta hana ɓarnar mai. Wanda ya haɗa da gas ma yana da riba, domin yawancin waɗannan kwamfutoci suna iya riƙe jadawali biyu, gas kuwa ya fi fetur son wuta ta tashi da wuri.

Lissafin kuɗi da na hanya

Ƙarfin inji ba ya ninkuwa don an sa kwamfuta, tun da iskar da yake zuƙa ba ta ƙaru ba. Abin da ake samu shi ne tashi da bugu ɗaya, da silo mai natsuwa, da ragin mai. Yawan ragin ya dogara ga halin da kafiretar take ciki. In ta cinye, bambancin zai yi yawa, in kuwa lafiyayya ce a saite, kaɗan ne.

Alal misali, a ce mota tana shan lita 12 a kilomita 100, aka kuma yi sa'a kwamfuta ta rage kashi ɗaya cikin goma. Daga Ikko zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 1,000, an tsira da lita 12 ke nan. Mai hawa zuwa kasuwa ya dawo yana iya yin wata guda kafin ya ci wannan nisa. Sai ya tara kuɗin kwamfuta, waɗanda da dala ake biya, da na famfo da injektoci da sensa da wayoyi da ladan mai saiti, ya raba da kuɗin lita 12, ya ga watanni nawa za a ɗauka kafin uwar kuɗi ta dawo. Sau da yawa gyaran kafireta da sabuwar distirbuta mai lantarki, wadda ba ta da kwantak, sun fi masa sauƙi. Akwai kuma tsaka-tsaki, watau a bar kafireta a wurinta, a ba kwamfuta aikin wuta kaɗai, wanda ba ya bukatar taɓa hanyar mai.

Direban haya da ke zirga-zirga kowane mako shi zai fi saurin mai da kuɗinsa, amma shi ne kuma ya fi shiga haɗari. In kafireta ta toshe a Jebba ko Mokwa ko Lakwaja, ba za a rasa wanda zai kwance ta ya busa ba. In kwamfutar kanti ta ɗauke da tsakar dare da lodin tumatir a baya, na'urar binciken da kanikawa ke jona wa motocin zamani ba lalle ta karanta ta ba, wanda ya saita ta kuma yana can Ikko yana barci.

Saboda haka duk wanda ya ƙudura yin wannan aiki ya kafa wa mai yi masa sharuɗɗa tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. A yi amfani da sensa da kwayil da famfo na motocin da suka cika gari, waɗanda za a samu a kowace kasuwar kayan gyara. A zana masa taswirar wayoyi a takarda, da launin kowace waya, ya ajiye a mota. A ba shi kwafin saitin a wayarsa ta hannu, kada kuma a kulle kwamfutar da lambar sirri, domin saitin nan shi ne rabin abin da ya biya. Ya riƙa tafiya da safayar sensan juyi, da famfo, da rile, da fis. Tsohuwar kafireta da distirbuta kuma kada ya sayar, ya adana su. In an sauya inji, ya riƙe rasit, ya gyara takardun mota kafin ya gamu da jami'an duba motoci.

Daga ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Motar da aka gama wa aiki jiya ba ita ce ta kai iyali gida gobe ba. A ba ta makonni tana zagaya gari, ta sha cunkoson Oshodi, ta sha ruwan sama, ta hau tudu da kaya, a ga halinta, sa'an nan a ɗau hanyar Arewa. Allah ya kiyaye hanya.